Igiyar Ƙugun Hamdiya

Shafi na 17

Da sunan Allah. Masu cewa shafin jiya ya yi gajere, ku gyara zama. Wanda kuma aka taɓa ba ajiyar magana ya kasa riƙewa, ya karanta a tsanake.

Gogo Lantana ta ji tsayuwar moto, wato babur, a ƙofar gida, ta kuma gane ƙarar. Shekara guda cur tana jin ta kowace Laraba, kuma duk ranar da ta ji, miƙewa take ta kaɗe tabarma. Yau ko gezau ba ta yi ba. Ta tura itace ƙarƙashin tukunyar wake, ta koma kan ɓarar gyaɗarta.

"Salamu alaikum."

Shiru.

"Salamu alaikum, Gogo. Ni ce, Safina."

"Wa alaikumus salam," in ji tsohuwar, don sallama haƙƙin Allah ce.

Safina ma'aikaciya ce a wata ƙungiya mai kula da yara, buronsu, wato ofishinsu, na Cadawa. Tun ranar da ta fara shiga gidan nan ba ta taɓa wuce zaure da jakarta ba. Rataye ta take a ƙusa, kaye, wato littafin aikinta, da abin rubutu duk a ciki, ta shigo hannu biyu. Da wannan ta saye zuciyar Gogo. Yau ma ta ɗaga jakar za ta rataye.

"Shigo da abarki," Gogo ta ce, ba ta ɗago ba. "Ai mun gane ba a jaka kike zuba maganar mutane ba. A ciki kike ɗauka ki kai."

Safina ta tsaya cak. Ta tako a hankali ta durƙusa.

"Ina kwana, Gogo."

"Lafiya lau, Madam."

"Madam? Ni? Yaushe na tashi daga ɗiyarki na koma Madam?"

"Shekaranjiya. Da hantsi."

Ba a shimfiɗa mata tabarma ba, sai ta zauna a ƙasa. Ta kai hannu cikin ƙwaryar gyaɗa kamar yadda ta saba. Gogo ta janye ƙwaryar.

"Ina Hamdiya?"

"Tana ɗaki."

"Jikin ne?"

"Jiki lafiya lau. Kunya ce. Yarinya 'yar shekara bakwai, kun koya mata kunyar fita."

Hamdiya jikar Gogo ce, ɗiyar ɗiyarta marigayiya Ummukulsum. Tun yaye uban yarinyar, Rashidu, da ke zaune a Gazawa, ya bar mata ita riƙo. Damina biyu da suka wuce yarinyar ta faɗi kusa da murhu tana karkarwa, hannunta ya ƙone. Farfaɗiya. Gogo ta ce wa mutane kunu ne ya zube mata. Ta cire ta daga lakol, makarantar boko, ta ce ciwon ido ne. Ta yage tsohon zanen Ummukulsum ta tufka igiya mai laushi, duk sa'ad da za ta hura wuta sai ta ɗaura a ƙugun yarinyar ta maƙala a gimshiƙin rumfa, nesa da murhu. Shekara biyu ko uban bai sani ba. Mutum ɗaya ta faɗa wa a duniya, ga ta nan durƙushe gabanta.

"Gogo, ina Maraɗi wajen horo. Jiya da marece na dawo na ji. Wallahi ban..."

"Kin ji. To ni gani na yi. Ki bari in ba ki labari, tunda ke kin fi son labari."

Ta ajiye gyaɗar.

"Litinin aka yi sunan jikan maigari. Ƙofa cike, har Fulanin ruga sun zo. Mu mata muna ciki muna tuƙin tuwo, muciya na hannuna. Yara sun zagaye akushi guda suna cin shinkafa, Hamdiya na tsakiyarsu tana dariya. Sai aka ce ga farar motarku."

Safina ta ambaci abokin aikinta da Mushe, wato Malam a Faransanci. "Mushe Muttaka ne. Sabo ne, Gogo, watanshi biyu a buro."

"Sabo ne amma ya san ladabi. Ya cire takalmi. Ya durƙusa. Maigari ya ce mashi me ke tafe da shi."

To, al'adar ƙasar ce. Baƙon da ya zo da aiki ba ya wucewa gidan kowa kai tsaye, sai ya sauka ƙofar maigari ya yi gaisuwa, a tambaye shi abin da ya kawo shi, ya faɗa. Safina ta san yadda ake amsa wannan tambayar. Kullum cewa take, "Na zo gaida tsohuwata." Muttaka kau da aka tambaye shi, sai ya buɗe takarda. Kuma a ranar taro duk abin da baƙo ya faɗa wa maigari a hankali, Ɗan Azumi sanƙira ne ke ɗaga shi sama don na baya su ji. Aikinshi ke nan tun yana saurayi.

Gogo ta miƙe zaune, ta dafe kunne da hannu ɗaya, ta kwaikwayi muryar.

"'Allah ya ja zamaninka! Baƙo ya ce ya zo kan maganar Hamdiya jikar Lantana! Ya ce farfaɗiya gare ta! Ya ce ɗaure ta ake da igiya!'"

Safina ta rufe fuska da mayafi.

"Buɗe idonki. Ni ban samu abin rufe nawa ba. Ina tsaye da muciya, mata talatin suka juyo. Babu wadda ta ce mani uffan. Sai kowace ta taka ta fizge ɗanta daga akushin nan. Ɗaya bayan ɗaya. Matar Lurwanu maƙwabcina, wadda ni na karɓi haihuwarta, ta sa yatsa a bakin ɗanta tana ƙwaƙulo shinkafa. Hamdiya ta rage ita kaɗai da akushi. Ta ɗago ta ce mani, Gogo, sun ƙoshi ne?"

"Innalillahi."

"Moɗar da ta sha ruwa, a gabana aka jefa ta bayan danga."

"Gogo, ba a ɗaukarta. Wallahi ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau, ba ta kwano, ba ta numfashi. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma akwai magani."

"Tashi ki je ki faɗa wa matar Lurwanu. Ki tafi da Ɗan Azumi, ya fi ki murya."

Safina ta goge ido.

"Ki saurare ni ko sau ɗaya ne. Aikinmu haka yake, abin da na gani game da yaro dole in rubuta a dosiye, takardun bayaninshi na buro. Ba don a tozarta ki na rubuta ba. Don a samo mata magani ne a gidan likita, ƙwaya ce ƙarama, kullum guda, ta koma lakol kamar kowa. Takardar ta shugabanmu ce shi kaɗai. Da ba ni nan, sai aka ba Muttaka ya zo ya gaya maki an amince. Albishir ya kawo, Gogo."

"Albishir."

"Dalilin igiyar ma na rubuta. Na ce don wuta ne. Na ce ban taɓa ganin kakar da ke son jika kamar ke ba. Yana shafi na biyu."

"Wa ya tsaya jin shafi na biyu?"

Safina ta dubi jakarta da ke ƙasa.

Gogo ta daɗe tana dubanta. Ta tuna ranar da ta faɗa mata sirrin. A nan wurin ne, suna tsinkar zogale. Wata tara Safina tana zuwa, ba ta taɓa tambayar komai ba. Ta ci tuwonta, ta yi mata kitson Hamdiya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da tsohuwar har ruwa ta ɗebo mata a rijiya. A ranar Gogo ta dube ta ta ga kamar Ummukulsum ce ta dawo, bakinta ya buɗe da kanshi.

"Me na ce maki kafin in faɗa?"

"Kin ce amana."

"Ke kika ce me?"

"Na ce... daga bakinki sai kunnena."

"To wannan na bar ki da Allah. Ba shi ya hana ni barci ba. Abu guda nake so ki warware mani."

Ta ɗaga babban yatsanta na dama.

"Maigari dattijo ne. Ya tsawata wa Ɗan Azumi, ya ce wa baƙo, wa ya ba ku izinin shiga maganar gidan mutane? Sai Mushe ya ɗaga takarda ya ce da yardar tsohuwa, ga yatsanta. Maigari ya kira ni soro ya nuna mani. Ban iya karatu ba, Madam, amma na san yatsana, ga tsagar lauje a tsakiya. Ni kau a rayuwata rana ɗaya na dangwala maki hannu. Kin ce takardar haihuwar Hamdiya ce."

Safina ta sunkuyar da kai.

"Ta haihuwa ce ko ba ita ba ce?"

"Ita ce. Ta sama."

"Ta sama."

"Takarda biyu ce, Gogo. Na faɗa maki ta sama. Da kika dangwala, sai na ɗaga na ce, nan ma."

"Ta ƙasan fa?"

"Ta yarda ce. Cewa kin amince in kai maganar ciwon buro."

"Me ya hana ki karanta mani?"

Wake na tafasa, murfin tukunya na rawa.

"Tambayarki nake."

"Na san in na karanta ba za ki yarda ba."

Gogo ta yi wata 'yar dariya da ba daɗi a cikinta.

"Ashe kin san ni. Shekara guda kina zuwa, ina cewa zumunci ne, ashe karatuna kike. Kin gane inda ƙofata take, kin gane inda sakata take."

"Ba haka ba ne! Na ga tabon hannunta, Gogo. Na ga ranar da ta faɗi a gabana. Na kasa barci. Na ce in na jira ki yarda, wata rana rijiya ce, ko wuta. Na zaɓi yarinyar."

"Kin zaɓi yarinyar. Ni da nake kwana hannuna kan ƙirjinta, ni me na zaɓa? Akuya?"

"Gogo..."

"Da kin zauna nan kin ce mani, Gogo, ga abin da zan yi, ko kin so ko kin ƙi. Da na zage ki. Da na kore ki. Laraba mai zuwa ki dawo, in sake korar ki. Ta uku in ba ki tabarma. Kin san haka nake. Wata tara kika yi haƙuri kika samu maganar, sati uku ne ya gagare ki?"

Safina ta fashe da kuka. Gogo ba ta rarrashe ta ba. Jama'a, kukan wanda ya yi laifi ba ya wanke komai, nauyi yake ƙara wa wanda aka cuta.

"Share hawayenki, ba mu da lokaci. Magana ta kai Gazawa."

Safina ta ɗago da sauri.

"Wajen babanta?"

"Tun ranar. Waya ce da kowa. Ya aiko jiya cewa yana tafe yau, in haɗa mata kaya."

"A'a! Ba zai yiwu ba. Canjin wuri zai ƙara mata ciwon, kuma ba wanda ya san yadda ake kula da ita sai ke."

"Ɗiyarshi ce. Riƙo ya ba ni, ba kyauta ba. Ranar da ya ce a ba shi, ko maigari bai isa ya hana ba."

Tsohuwar ta matso. Karon farko tun shigowar Safina, muryarta ta sauka.

"Ciwon ba zan iya ɓoye mashi ba, gari ya sani. Zai yi faɗa don ban gaya mashi ba, in ba shi haƙuri, ya huce. Na san shi. Amma igiya ba zai yafe ba. Kuma igiyar nan ba wanda ya taɓa gani da ido sai ke. In kin ce Mushe ne bai karanta daidai ba, zai yarda. Ke ce mai takarda."

"Gogo, kina so in..."

"Kin yi mani ƙarya ɗaya don ki karɓa. Ki yi mani ɗaya don in riƙe. Sai mu rabu ba wanda ya ci wani."

Safina ta girgiza kai.

"In na ce takardar ƙarya ce, za a soke ta duka. Har maganin."

"Ban tambaye ki magani ba."

"Kuma in na sake yin ƙarya a gidan nan, da wane baki zan..."

Ƙarar wani moto ta katse ta. Aka kashe shi a ƙofa. Gogo ta ja mayafinta ta rufe kai.

Shekara tara Rashidu yana surukinta, bai taɓa wuce zaure da takalmi ba. Can yake tsugunawa, kai a ƙasa, su gaisa ta bayan asabari. Yau sallama ɗaya ya yi ya shigo har tsakar gida, takalmi a ƙafa, ƙura har gira. Bayan danga kawuna suka fara leƙowa.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau. An zo lafiya? A kawo ruwa?"

"Na sha a hanya."

Bai zauna ba.

"Inna, shekara biyu ɗiyata na faɗuwa. Ina zuwa Sallah ƙarama, ina zuwa babba, ina tambaya, kina ce mani lafiya lau. Na ga hannunta kika ce kunu. A tasha na ji, Inna. A bakin ɗan kamasho. Ana nuna ni."

"Na yi kuskure, baban yarinya. Tsoro ne. Na ji tsoron abin da ya faru shekaranjiya, ga shi kau ya faru."

"Wannan tsakaninmu ne, za mu yi shi daga baya. Igiyar fa?"

Gogo ta gyara itacen murhu.

"An ce kina ɗaure ta a gimshiƙi. Ɗiyar Ummukulsum. Na ce ƙarya ne. Na kusa dukan mutum a kan haka. Na ce matar da ta haifi Ummu ba za ta yi ba."

Ya juya ya dubi Safina sama da ƙasa, ya dubi jakar da ke gefenta.

"Ke ce ta ƙungiyar?"

"Ni ce. Sunana Safina."

"Ke kika rubuta?"

"Ni na rubuta."

"To ba takarda nake tambaya ba, ni ba na jin Faransanci. Ke nake tambaya, tsakaninki da Allahn da zai tashe ki. Kin gani da idonki?"

Gogo ba ta dube ta ba. Idonta na kan murhu. Amma hannunta ya damƙe gefen zane har jijiyoyi suka tashi, kuma a ranta abu ɗaya take maimaitawa: ɗiyata, ɗiyata, ko sau ɗaya.

"Malam Rashidu, ka bari in fara maka daga farko. Akwai dalili..."

"Kin gani ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

Wani ya yi salati a bayan danga.

Gogo ta saki zanen. Ba ta yi kuka ba. Ta dai gyaɗa kai sau biyu, kamar wadda aka gaya wa rasuwar da ta daɗe tana jira.

"Amma ka saurara," Safina ta miƙe tsaye. "Don wuta ne! Ba duka ba ne, ba horo ba ne, ka tsaya in..."

"Ya isa. Na gode."

Ya juya wajen ɗaki ya ɗaga murya.

"Hamdiya! Fito, babanki ne. Ɗauko takalmanki."

Ba motsi.

"Hamdiya!"

Asabari ya ɗaga a hankali. Yarinyar ta fito tana dafa bango. Ba takalmi a hannunta. Fuskarta ta yi fari, leɓenta na rawa. A ƙugunta igiyar tsohon zane ce, ta ɗaura da kanta, ƙulli bisa ƙulli irin na yara, sauran na jan ƙasa.

Ba ta dubi ubanta ba. Wutar murhu ta duba, ta ja baya, ta tattaro bakin igiyar ta miƙa wa kakarta da hannu biyu.

"Gogo, yi maza ki maƙala ni. Abin yana zuwa."